Me ke sa aku yawan susa?

Aku mai toka-toka da jar wutsiya tsuntsun kurmi ne, daga dazuzzuka masu laima na ƙasashe irin su Kamaru da Kongo. Idan aka kawo shi Maradi ko Damagaram, iskar hunturu kan busar masa da fata, sai ƙaiƙayi ya kama shi. Yayyafa masa ruwa mai tsabta da hantsi yana rage wannan.

Akwai kuma susar da ba ta cuta ba ce. Lokacin da yake sake gashi, sabon gashin kan fito cikin wani ɗan kube mai tauri, shi kuwa ya yi ta susa har kuben ya fashe.

Wasu ƴan ƙananan ƙwari masu addabar kaji suna ɓuya cikin tsagar keji da rana, su fito shan jini da dare. Idan aka rufe kejin da farin ƙyalle, da safe za a gan su kamar jajayen ɗigo.

Abinci ma yana da hannu. Gyaɗa zalla ba ta ba shi bitamin A, wanda ke cikin karas, mangwaro da gwanda. Hayaƙin taba da turaren wuta su ma suna damun fatarsa.

Akun da kaɗaici ya dama yakan tuge gashin ƙirjinsa, na kai kuwa ya tsira tunda baki ba ya kai wa can. In har gashin kai ma yana zuba, ko fata ta yi miki, sai a nemi likitan dabbobi. Fesa masa maganin sauro na iya kashe shi.