Daga kururuwa zuwa ƙararrawa: yadda mutane suka koyi sanar da gobara

 Darasinmu na yau na tarihi ne, amma ba tarihin sarakuna ba. Tambaya guda za mu bi: in wuta ta kama da dare, wa ke fara sani, kuma yaya yake sanar da jama'a?

Ku tambayi tsofaffin Bilbis da Fakawa, tsofaffin unguwannin da suka haɗu suka zama birnin Tawa, za su gaya muku yadda ake yi a da. Darni na kara ne, rumfa ta zana ce, ɗakuna da yawa na ciyawa ne. In hunturu ya shigo, iska na busawa, kome ya bushe ƙamas. Wanda ya fara ganin hayaƙi sai ya yi kururuwa: "Gobara! Gobara!" Maƙwabci ya karɓa, na gaba ma ya karɓa, har makaɗi ya ɗauki ganga. Mata su fito da tuluna, maza su fito da hauya da kwando. A Adar ruwa na da nisa, rijiyoyi na da zurfi, saboda haka sau da yawa da ƙasa ake kashe wuta. Wasu kuma su ruga su tuge darnin gidan da ke gaba, don in wutar ta iso ta rasa abin ci. Ba banza ba magabata suka ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wannan dabara ta yi aiki shekara da shekaru, domin mutum yana kwana kusa da dukiyarsa. Hancinsa shi ne mai gadinsa. To, amma kasuwar yanzu fa? Da magariba a rufe shago, a sa kwaɗo, kowa ya tafi gida. A bar atamfa da katifa da robobi da man girki, ga wayoyin kuran a saƙale cikin rufi. Mai gadi ɗaya ne ko biyu ga rumfuna ɗaruruwa. Kafin ya ji wari, wuta ta ci rabin layi.

Ba mu kaɗai wannan matsala ta sama ba. A watan Satumba na 1666 wuta ta tashi da dare a gidan wani mai gasa burodi a birnin Landan, ƙasar Ingila. Ta yi kwana huɗu tana ci. Gidaje fiye da 13,000 suka ƙone. Su ma a lokacin, kururuwa da ƙararrawar majami'a kawai suke da su, kamar yadda muke da ganga.

A Paris kuma, ranar 1 ga Yuli 1810, jakadan ƙasar Ostiriya ya shirya babban biki don auren sarki Napoleyon. An gina zauren bikin da katako, an ƙawata shi da labule. Kyandir ya taɓa labule, zaure ya kama. Sarki ya tsira, amma mutane sun mutu. Shekara ta kewayo, a watan Satumba na 1811, Napoleyon ya kafa rundunar soja ta musamman don kashe gobara a Paris. Mu ma a Nijar masu kashe gobara sojoji ne. In kun ga jar motarsu tana jiniya, kun san inda asalin abin ya fito.

Amma sojan gobara ba ya zuwa sai an kira shi, sai kuma an gaya masa wurin. A nan mutanen birnin Boston na Amurka suka kawo sabon abu a 1852. Wani likita mai suna William Channing da wani masanin lantarki mai suna Moses Farmer suka kakkafa akwatunan ƙarfe kimanin 40 a kan tituna. Kowane akwati da lambarsa, kuma waya ta haɗa shi da babban ofishi. Wanda ya ga wuta sai ya ruga ya juya hannun akwatin. Nan take lambar ta isa ofishi, a buga manyan ƙararrawa daidai da lambar unguwar. Ku lura da wannan da kyau: tun daga ranar, sanar da gobara ya zama aikin lamba da ƙirga. Wanda ya iya ƙirga bugun ƙararrawa, ya san inda zai nufa.

Duk da haka, sai mutum ya gani tukuna. A 1890 wani abokin aikin Thomas Edison mai suna Francis Upton ya yi rajistar na'urar da ke jin zafi ta buga ƙararrawa da kanta. Wannan ci gaba ne, sai dai kafin zafi ya kai rufi, wuta ta riga ta yi ƙarfi. Hayaƙi ne ke fara fitowa, kuma shi ne ya fi kashe mutane cikin barci. Wajen ƙarshen shekarun 1930 wani masani ɗan ƙasar Suwis, Walter Jaeger, yana ƙoƙarin ƙera na'urar gano iska mai guba. Na'urar ta ƙi yin abin da yake so. An ce da ya gaji sai ya kunna sigari, sai ya ga allurar na'urar ta motsa. Ashe hayaƙi take ji. Shi da abokinsa Ernst Meili suka gyara ta, aka fara sa ta a manyan masana'antu da ma'ajiyoyi. Tana da tsada ƙwarai. Sai a 1965 wani Ba'amurke, Duane Pearsall, ya fito da ƙarama mai aiki da pil. Daga wajen 1975 aka shiga ƙera ta da yawa, kuɗinta ya sauko. A Faransa, tun watan Maris na 2015 doka ta tilasta a sa ta a kowane gida.

Yanzu mu komo gida. A watan Maris na 1982 babbar kasuwar Yamai ta ƙone ƙurmus. Sai a 1987, zamanin shugaba Seyni Kunce, aka buɗe sabuwa ta siminti. Kusan shekara biyar ke nan ƴan kasuwa suna rakuɓe a wasu wurare. Ƙaramar kasuwar Yamai ta ƙone a 2012. A maƙwabta, kasuwar Sabon Gari ta Kano ta kama da dare a watan Maris na 2016, shaguna fiye da 3,000 suka tafi. A 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone a watan Janairu, ta Katsina a watan Maris. Waɗannan kasuwanni ba baƙi ba ne gare mu. Can ƴan kasuwarmu ke saro kaya.

Ku tuna kuma da wane kuɗi ake buɗe shago a Adar. Saurayi ya tafi biɗa Abijan ko Kamaru ko Libiya. Ya yi shekara goma yana tallan kaya a kai, yana ƙulle ɗan abin da ya samu. Ya komo ya kama rumfa a kasuwar Tawa ko ta Keita ko ta Abalak. Daga rumfar nan ake sayen hatsi in damina ta ƙi, daga ita ake biyan magani. Mafi yawansu ba su da inshora. Dare ɗaya na iya mai da gida guda farkon tafiya.

To, yaya na'urar take? A babban gini, kamar banki ko otal ko mangaza, kashi huɗu ne. Akwai masu jin hayaƙi, farare masu kamar faifai, manne a rufi. A rufi ake sa su domin hayaƙi sama yake tashi, kuma a ja su kamar rabin mita daga bango. Akwai jan akwati kusa da ƙofa, wanda mutum ke dannawa in shi ya fara gani: jikan akwatin Boston ke nan. Akwai jiniya mai tada jama'a. Sai kuma allo a ɗakin mai gadi, inda duk wayoyi ke haɗuwa. Allon yana da batir nasa, don kada ya mutu in an ɗauke kuran. An raba ginin yanki-yanki, kowane yanki da lambarsa. In fitilar lamba 3 ta yi ja, wuta na yanki na 3. Kun ga amfanin karatunku? Mai gadin da ya san lamba zai tafi kai tsaye, ba zai tsaya dube-dube cikin duhu ba. Ku koyi kuma kalmomi biyu na Faransanci da ake rubutawa a irin waɗannan wurare: FEU, wato wuta, da SORTIE, wato mafita.

A madafa ko wurin gashi ba a sa mai jin hayaƙi, don zai yi ta kuka ba dalili. Mai jin zafi ake sawa. Irin da aka fi sayarwa yana tashi in zafi ya kai digiri 57 ko 58. A nan sai a yi hattara. A Tawa, cikin Afrilu da Mayu, zafi na wuce digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin rufin tol kuwa ya fi haka nesa. Saboda haka a gaya wa mai sawa ya zaɓi wanda aka yi don wuri mai zafi.

A ganina, sayen na'ura shi ne ƙaramin aiki. Kula da ita shi ne babba, kuma nan muka fi kasawa. Babban abokin gabanta a ƙasarmu ƙura ce. Yawancin masu jin hayaƙi na yanzu suna da ɗan haske a ciki. In hayaƙi ya shiga ya watsa hasken, sai su yi kuka. Ƙurar hunturu ma haka take yi musu. Na'ura ta yi kukan ƙarya sau biyu, sau uku, sai mutane su ƙosa. Na taɓa shiga wata mangaza na ɗaga kai, na ga an ɗaure wa na'urar leda. Na tambaya, aka ce ta cika damu. A wani shagon kuma pil ɗinta aka cire aka sa wa wani abin. Mai shago yana kwana da tunanin yana da mai gadi, alhali gunki ne a rufi.

Abin yi ba shi da wuya. Kowane wata a danna maɓallinta a ji ko tana kuka. A share mata ƙura da busasshen tsumma ko burushi mai laushi, musamman bayan hunturu. Kada a shafa mata fenti. In ta fara ɗan ƙara jifa-jifa kamar ɗan tsako, pil ne ya yi rauni, a sake shi ranar nan. Bayan shekara 10 a sake na'urar dungum. Ranar ƙera ta na rubuce a bayanta. Babban allo kuwa, ma'aikacin da ya san aikin ya duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Ga aikin da ya dace da ku: ku sami ɗan littafi, ku ja layi uku, ku rubuta ranar gwaji, abin da aka gani, da sunan wanda ya gwada.

Abu guda kuma da ƙararrawa ba ta iya yi: ba ta buɗe ƙofa. A birnin New York, ranar 25 ga Maris 1911, wata masana'antar ɗinki ta kama wuta. Mutum 146 suka mutu, yawancinsu ƴan mata, domin an kulle wasu ƙofofin fita. A nan gida, ba mu manta da ƙananan yaran da suka rasu cikin azuzuwan zana a Yamai a watan Afrilu na 2021 da Maraɗi a watan Nuwamba na shekarar ba. Kada a tara buhuna a bakin ƙofa. Kada a cike hanyoyin kasuwa da tebura har motar ruwa ta kasa shiga. Masu sayar da ruwa-ruwa cikin kwalabe su nisanci masu shayi da masu tuya. Kuma wutar fetur ko ta kuran ba a zuba mata ruwa: a kashe kuran tukuna, a yi amfani da yashi ko jar tukunyar kashe wuta.

Lambar sojojin gobara a ƙasarmu ita ce 18. Ku rubuta ta da manyan baƙaƙe a bangon shago. In kun kira, ku natsu ku faɗi sunan gari da unguwa, da wata alama da kowa ya sani kusa da wurin, da abin da ke ci, da ko akwai mutum a ciki. Kada ku kashe waya sai sun sallame ku. A aji na gaba, kowa ya zo da waɗannan abubuwa huɗu a rubuce, game da shagonsa ko gidansa, mu karanta tare.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.