In Sama Ta Rufe, Ta Ina Za A Koma Gida?

Yau na ɗan jingine labarin soyayya gefe guda, zan taɓo mana tarihi, domin akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini rai: in jirgin sama ya kasa tashi, ta ina matafiyi zai koma gida?

A ranar 14 ga Afrilu 2010 wani dutse mai wuyar suna, Eyjafjallajökull, ya yi aman wuta a tsibirin Aislan, iska ta kwashi tokarsa ta baza a sararin samaniyar Turai. Ita wannan toka ba irin ta murhu ba ce, garin dutse ce. In ta shiga injin jirgi sai zafi ya narkar da ita, ta daskare kamar gilashi, injin ya mutu. An taɓa ganin haka a 1982, da injina huɗu na wani jirgin Ingila suka tsaya cik a saman Indunusiya, sai da ƙyar suka sake tashi. Saboda wannan tsoro aka rufe yawancin filayen jirgin Turai kusan kwana shida, aka soke tashin jirage kimanin 100,000, mutum wajen miliyan 10 suka maƙale. Jiragen Landan zuwa Legas da Abuja su ma suka tsaya, 'yan kasuwarmu da ɗalibai da masu neman magani suka yi cirko-cirko.

To abin lura shi ne yadda Turawa suka yi. Jirgin ƙasa da na ruwa da motocin safa duk suka cika maƙil. Shugabar Jamus Angela Merkel, da ke dawowa daga Amurka, sai a Lisbon ta sauka, ta wuce Rum, daga nan ta bi ta mota. Ingila ta aika jirgin ruwan yaƙi zuwa Santander ta ƙasar Sifen ya kwaso sojojinta da wasu fararen hula. Masu kallon ƙwallo kuwa ba za su manta ba, a mota Barcelona ta yi tafiyar kwana biyu zuwa Milan, Inter ta ci ta 3 da 1. Sun sha wuya, amma sun isa, saboda da suka sami jirgin sama ba su yar da dogo da tashar ruwa ba. Ɗan Kano kuwa da tokar ta rutsa da shi a Landan, ba shi da abin yi sai jira.

Alhali, ya kai mai karatu, kakanninmu gwanayen hanya ne. Jirgin sama baƙo ne a Kano, sai ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarki Usman, jiragen sojan Ingila uku suka fara sauka daga Masar. Kafin nan, har ma bayan nan da shekaru masu yawa, alhaji da ƙafarsa yake zuwa Makka. Daga Kano a bi ta Barno, a tsallaka Fort Lamy, wato Njamena ta yau, a ratsa Abeshe ta ƙasar Wadai, a faɗa Darfur ta Janaina da Fashir, har Ubayyid, inda dogo ya iso a 1912. Daga nan sai bakin Bahar Maliya, a hau jirgin ruwa a Sawakin ko Fot Sudan zuwa Jidda. In guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma ko ƙwadago a gonakin audugar Jazira, a tara a ci gaba. Wani sai ya shekara bakwai bai dawo ba, wani kuma can zai zauna. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu ma ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi, da jama'ar da suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903.

A nan wajenmu, ƙasar Rano da Kibiya, na taso ina jin tsofaffi suna ba da labarin alhazan ƙafa, waɗanda ake yafiya da su ranar tashi kamar ba za a sake gamuwa ba. Abin da na tsinta a labaran shi ne, tafiyar ba ta gangan ba ce. Ayari yana da madugu, akwai jagaba mai sanin rijiya da mashigi, kowane zango kuma akwai Bahaushe mai masauki. In kogi ya cika a jira shi ko a zaga, in ana yaƙi a gaba a sake hanya. Ba hanya ɗaya suka sani ba.

A 1948 wasu attajiran Kano suka kafa kamfanin jigilar alhazai a mota zuwa Sudan, sunansa ne ya bi wurin nan na Fagge da muke kira Wapa, matattarar 'yan canji. Ba a jima ba jirgin sama ya karɓe aikin, tafiyar shekaru ta koma ta awoyi. Wannan ni'ima ce, babu mai musu. Amma sama tana da nata hukunci. A ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Legas ya karkato Kano saboda rashin kyawun yanayi a can, ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

Mu ba mu da dutse mai aman wuta, amma muna da hazo. Duk hunturu iska tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wani lokaci ta rufe filin jirgin Malam Aminu Kano, a soke tashi da sauka. A irin wannan rana sai ka ga mai babbar riga ya bar filin jirgin Abuja yana cigiyar tashar mota, gabansa na faɗuwa, domin hanyar Kaduna ta yi shekaru tana fama da masu garkuwa da mutane. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya zama mafita, shi ma aka kai masa hari ranar 28 ga Maris 2022. Dogon da ya iso Kano tun 1911 kuwa mun bar shi ya tsufa. Tsohuwar hanyar gabas ma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya toshe ta.

Ba ina cewa a koma tafiyar jaki ba ne. Ina cewa dai hazo da toka ba su da maigida sai Allah, amma titi da dogo da tsaron hanya aikin mutum ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. An aza harsashin sabon dogon Kano zuwa Maraɗi da na Kaduna zuwa Kano a 2021, haƙƙinmu ne mu riƙa tambayar inda aka kwana. Mai tafiya kuma ya riƙe kuɗin mota daban, ya san wanda zai sauke shi a kowane gari, kamar yadda fatake suka yi.

Mu mutanen Nariya mun fi kowa sanin haka, tunda jirgi ba ya sauka a ƙofar gidanmu. Ko daga Jidda ka taso, ƙarshenta sai ka shiga motar Rano, ka nemi ta Kibiya. Allah Ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.