Rabon Lokaci a Cikin Ƙananan Na'urori Masu Ƙwaƙwalwa

Akwai ƙananan na'urori masu ƙwaƙwalwa da ake dasawa cikin wasu kayayyaki domin su riƙa sarrafa su, kamar birkin motocin zamani da jiragen sama da na'urorin asibiti masu lura da bugun zuciya. Abin da ya bambanta su da kwamfutar ofis shi ne, a wurinsu amsar da ta makara daidai take da kuskure. Idan birki ya yi jinkirin rabin daƙiƙa, mai afkuwa ta riga ta afku.

Sau da yawa ƙwaƙwalwar guda ɗaya ce, ayyukan da ke jiranta kuwa masu yawa, don haka tilas a tsara wa kowanne lokacinsa, kamar yadda muke ganin manoman rani na raba ruwan magudana ɗaya. A 1973 masana biyu, Liu da Layland, suka bayyana hanyar da ta fi shahara: aikin da ya fi yawan maimaituwa shi ne a gaba. Sun tabbatar ta lissafi cewa muddin ayyukan ba su cinye fiye da kimanin kashi 69 cikin 100 na lokacin ƙwaƙwalwar ba, kowanne zai kammala cikin wa'adinsa, da sharaɗin ba sa jiran juna. A jiragen sama kuwa akan keɓe wa kowace manhaja nata lokacin tun farko, bisa ƙa'idar ARINC 653, ta yadda wata ba za ta taɓa rabon wata ba.

Wancan sharaɗi na rashin jiran juna, a ganinmu, nan gizo ke saƙar. Kumbon Pathfinder na hukumar NASA ta Amurka ya sauka duniyar Mars ranar 4 ga Yuli, 1997. Kwanaki kaɗan bayan haka kwamfutarsa ta shiga kashe kanta tana sake tashi. Da aka bincika, sai aka gano cewa wani ƙaramin aiki mai tattara bayanan yanayi kan riƙe mabuɗin wata ma'ajiya da babban aiki ke buƙata. Kafin ya saki, sai matsakaitan ayyuka su ture shi gefe, tunda sun fi shi matsayi. Babban aikin ya yi ta jira har wa'adinsa ya wuce, tsarin gadi kuma ya ɗauka na'urar ta cije, ya sake tayar da ita. Abin mamaki, an taɓa ganin alamar haka a gwaji kafin a harba kumbon.

Maganin ya riga ya wanzu, domin Sha da Rajkumar da Lehoczky sun wallafa shi a 1990: duk ƙaramin aikin da ya riƙe mabuɗin da babba ke jira, sai a ara masa matsayin babban har ya saki. Tsarin VxWorks da kumbon ke amfani da shi yana da wannan zaɓi, sai dai ba a kunna shi ga wannan mabuɗi ba. Daga ƙasa injiniyoyi suka aika gyaran, kumbon ya ci gaba da turo bayanai har ƙarshen Satumban 1997.