Farantin Kayan Zaƙi na Ingila da Hannuwan da Suka Yi Shi

Idan mai karatu ya taɓa riƙe wani tsohon farantin tangaran na Ingila, mai nauyi, wanda aka zana wa furanni shuɗi da ja da ruwan zinariya, wataƙila ya ga an buga masa hoton kambin sarauta a baya tare da sunan Mason. Turawa suna kiran irin wannan tangaran ironstone, wato dutsen ƙarfe. Ƙananan farantan kuwa, masu faɗin inci takwas ko tara, na cin kayan zaƙi ne da 'ya'yan itace bayan an ƙare babban abinci. Bari mu bi asalinsu.

A ƙarni na 18 masu arziki a Ingila daga ƙasar Sin suke samun tangaran mai kyau. Kamfanin Gabashin Indiya ne yake kawo shi cikin jiragen ruwa. A shekara ta 1791 kamfanin ya daina shigo da shi da yawa, sai 'yan kasuwar tangaran na Landan suka rasa haja. Ɗaya daga cikinsu, Miles Mason, ya ga ba abin yi sai ya ƙera nasa. Ya kafa masana'anta a yankin Staffordshire, inda akwai yumɓu da kwal da gwanayen magina, a garuruwan nan shida da aka haɗa a 1910 suka zama Stoke-on-Trent.

A shekara ta 1813 ɗansa Charles James Mason ya karɓi takardar hukuma ta mallakar wani sabon haɗi. A takardar ya ce har da kashin ƙarfe a ciki, amma masu bincike na baya sun tarar ƙarfen ba shi da yawa. Abin da ke ciki shi ne farin yumɓu da niƙaƙƙen dutsen ƙanƙara da wani dutse daga Cornwall, da ɗan shuɗi don ya yi kama da na Sin. Ba shi ne na fari ba, gama mutanen gidan Turner sun riga shi da irin wannan haɗi tun 1800. Sunan ne ya sayar masa da kaya. Wanda ya ji an ce ƙarfe ya san ba abu ne mai saurin fashewa ba, farantan kuwa suna da ƙarko da gaske, ga araha.

Kayan cin zaƙi sun fi sauran kayan tebur ado, domin a lokacin ne mai gida yake nuna wadatarsa. Akan sayi faranti goma sha biyu ko fiye, da kwanoni masu siffar ganye, da babban kwano mai ƙafa na 'ya'yan itace. Zanen da aka fi so shi ne wanda ake kira Imari, sunan tashar jiragen ruwa ta Japan inda ake lodin tangaran. Maginan Ingila ba su taɓa ganin Sin ko Japan ba. Sun kwaikwayi furanni da tsuntsaye da gadoji daga tsofaffin kayan da aka shigo da su, suka ƙara nasu.

Ga yadda ake yin adon. Gwani yakan sassaƙa zanen a kan allon tagulla. A shafa masa launi, a ɗora siririyar takarda ta kwashe zanen, sa'an nan a manna takardar a jikin farantin da aka gasa sau ɗaya. A tsoma shi cikin ruwan da zai ba shi ƙyalli, a sake gasawa. Bayan haka mata da 'yan mata su cika ja da kore da zinariya da hannu, a mayar da shi wuta marar zafi sosai. Shi ya sa a tsohon faranti za ka ga shuɗin yana nan daram, gama yana ƙarƙashin ƙyallin, amma zinariyar bakin ta goge.

To, su wane ne suka sha wahalar? A farkon shekarun 1840 hukuma ta aiki wani likita, Samuel Scriven, ya binciki aikin yara a waɗannan masana'antu. Ya tarar da yara 'yan shekara bakwai da takwas suna yini suna gudu da kaya tsakanin magini da ɗakin busarwa mai tsananin zafi. Ruwan ƙyallin nan kuwa da dalma ake haɗa shi, gubarta tana shanye hannun masu tsomawa, tana kashe waɗansu. Ƙurar dutsen ƙanƙara tana cin huhun magina. Har sukarin da ake ci a farantan farko, bayi 'yan Afirka ne suka noma yawancinsa a tsibiran Karibiyan, gama sai a 1833 Ingila ta yi dokar hana bauta a ƙasashen da take mulki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a 1864 dokar masana'antu ta kai ga maginan tangaran, ta rage wa yara awoyin aiki.

Shi ma Charles Mason bai gama lafiya ba. Ya cika kasuwa da kaya ta hanyar gwanjo, a 1848 jarinsa ya karye. Francis Morley ya sayi allunan tagullar, daga baya suka koma hannun gidan Ashworth, aka ci gaba da buga zanen har cikin ƙarni na 20. A 1973 kamfanin ya shiga ƙungiyar Wedgwood. Manyan tanderun nan masu siffar kwalba, da hayaƙinsu ya taɓa rufe sararin Stoke, sun daina aiki bayan dokar tsabtace iska ta 1956, waɗanda suka rage a tsaye ba su kai hamsin ba.

Yau masu tara kayan dā suna juya faranti su duba hatimin don su san shekarunsa da kuɗinsa. Hatimin yana ɗauke da sunan mai masana'anta kaɗai. Yarinyar da ta cika jan furen, da yaron da ya ɗauki yumɓun a guje, ba a rubuta sunansu ba. Amma wanda ya duba da kyau zai ga inda launin ya ɗan tsallake layi, a nan ne hannunta ya bi.