Magina da Hukuncinsu a Arewacin Zamfara

Ƙauran Namoda da Zurmi da Shinkafi garuruwa uku ne da ke arewacin ƙasar Zamfara, a yankin da gulbin Gagare da gulbin Bunsuru su ke ratsawa. Zurmi ita ce tsohuwar mazaunin Alibawa, kuma tun zamanin jihadi sarkinta ke riƙe da sarautar Sarkin Zamfara. Ƙaura ta sami sunanta ne daga Namoda, jarumin nan na Alibawa, wanda ya ke cikin waɗanda suka ci Alƙalawa a shekarar 1808. Shinkafi kuwa ta yi suna saboda kasuwarta ta ranar Alhamis, wadda fatake ke ci har daga ƙasar Nijar.

Dukan garuruwan nan da ƙasa aka gina su tun farko. Ginin ƙasa kuwa, komi kyaunsa, ba ya rabuwa da gyara. Kowace shekara in bazara ta kama, sai mai gida ya zaga ya duba inda katanga ta tsage, da inda yaɓe ya zube, da inda indararo ya toshe, ya nemi magini tun ruwa bai sauko ba. Saboda haka tun da daɗewa akwai tambayoyi biyu da mutanen ƙasar ba su rabu da su ba: wane ne ya cancanta a ba shi gyaran gida, kuma in ya ɓata aikin, wa zai biya?

A zamanin da, gini sana'ar gado ce. Yaro ya kan fara da ɗebo ruwa da kwaɓa ƙasa, sa'an nan ya koyi yin tubali da miƙa shi. In hannunsa ya faɗa, sai a bar shi ya hau katanga. Ya kan yi shekaru bayan wannan kafin a yarda ya jera azara a kan soro, domin nan ne haɗari ya ke. Azara itacen giginya ne da aka faskare, gara ba ta cinsa da sauri, amma ba ya ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce misalin ƙafa shida, sai an yi masa dabara da tauyi ko bakan gizo. Wanda bai san wannan ba ya na iya rufe ɗaki ya yi kyau da rani, damina na zuwa ƙasa ta sha ruwa ta yi nauyi, rufin ya rufto a kan masu barci. Haka kuma haɗa makuba daga kwasfar ɗorawa, da laso daga katsin marina, waɗanda ke hana ruwa shiga bango, ilmi ne da ba a samu sai a hannun ubangida.

A manyan biranen ƙasar Hausa, kamar Kano da Zariya da Katsina, sarki ya kan naɗa Sarkin Magina. Shi ke tara magina in za a gyara ganuwa ko masallaci ko gidan sarki, shi ke raba musu aiki, shi ne kuma ke sulhu in rigima ta tashi tsakanin magini da mai gida. Wanda ya fi shahara cikin maginan da, shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Jumma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarar 1836. Shugabannin jihadi ba su raina wannan fanni ba. A cikin littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi wa masu mulki gargaɗi su kula da masu sana'a, su kuma tsaya ga gina garuruwa da gyaran kasuwanni da hanyoyi.

A wancan zamani babu wata takardar izni da magini ke nunawa. Shaidarsa ita ce sunan wanda ya koya masa, da gine-ginen da ya yi waɗanda har yanzu ke tsaye. Gari ƙarami ne, kowa ya san kowa. In baƙo ya zo ya ce shi magini ne, sai an kai shi wurin manyan sana'a sun ga kamun hannunsa. In kuwa magini ya ɓata aiki, abin da aka fi yi shi ne a tilasta masa ya sake shi ba lada, gama wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kunyar da zai sha a gari ta fi masa ciwo bisa ga asarar kwanakinsa, domin wanda soronsa ya rushe sau ɗaya da wuya a sake kiransa.

In sulhu ya gagara, sai a tafi wurin alƙali. Shari'a bisa mazhabar Maliku ta yi magana filla-filla a kan lamunin masu sana'a. Mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya tafi da su wurin aikinsa, kamar maɗinki ko marini, shi ke biya in sun salwanta. Wanda ya yi aiki a cikin gidan mai kaya kuwa, kamar yadda magini ke yi, ba a ɗora masa biya sai an tabbatar ya yi sakaci, ko ya ƙetare abin da aka umurce shi, ko ya ruɗi mai gida ya karɓi lada a kan aikin da bai iya ba. Shi ma mai gida shari'a ba ta ƙyale shi ba. In katangarsa ta karkata, aka yi masa gargaɗi gaban shaidu ya ƙi gyarawa, ta faɗi ta yi ɓarna, shi zai biya. Alƙalai sun saba neman ra'ayin gwanayen sana'a a irin wannan ƙara. A birnin Tunis ma an yi wani magini, Ibn al-Rami, a ƙarni na 14, wanda alƙalai ke aikawa ya duba gine-ginen da a ke jayayya a kansu, har ya rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini.

Abin lura a nan shi ne, duk abin da aka karɓa daga magini, hannun wanda aka cuta ya ke komawa. Wannan kuwa tsohuwar hanya ce a duniya. Dokokin Hamurabi, Sarkin Babila, waɗanda aka rubuta kimanin shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, sun hukunta cewa maginin da gidansa ya rushe ya sake gina shi da dukiyarsa, ya kuma biya kayan da suka lalace. In rushewar ta kashe mai gida, ransa ne a bakin na mamacin.

Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Cikin 1906 aka yi dokar da ta tattara kuɗaɗen da a ke karɓa iri iri, har da na masu sana'a, aka mai da su haraji guda. Sannu a hankali ikon shugabannin sana'a ya fara raguwa, tun da ya ke ba ta hannunsu a ke bi ba kamar da. A 1917 aka yi dokar garuruwa da dokar kiwon lafiya, waɗanda suka kawo ƙa'idodin gini irin na Turai. Amma unguwannin Turawa da na baƙi aka fi nufa da su. Tsofaffin garuruwa an bar su a hannun sarakuna da En'e. Ƙaura da Zurmi da Shinkafi duka a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato su ke a lokacin. Ma'aikacin da talakawa suka fi sani a wannan sha'ani shi ne duba-gari, wanda ke shiga gidaje ya duba shadda da rijiya da kwata, ya kai mai laifi gaban alƙali a ci shi tara. Daga nan wani sabon abu ya shigo: kuɗin tara baitulmali su ke tafiya, ba sa komawa ga wanda aka yi wa ɓarna.

Babban canji ya zo a 1929, sa'ad da hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta iso Ƙauran Namoda, ta tsaya nan. Jirgi ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga zuwa Ikko, in zai komo ya kawo kwano da siminti da katako da ƙusa. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna, baƙi daga Kudu suka zo suka zauna, a cikinsu akwai birkiloli da kafintoci. Attajiran da suka sami kuɗin gyaɗa suka fara kware rufin ƙasa su na sa kwano, su na shafe bangon ƙasa da siminti. Wannan aiki kuwa ba na Sarkin Magina ba ne, ba shi da ta cewa a kansa. Sai ga wani sabon mutum ya bayyana, watau ɗan kwangila, wanda ke yin jinga da mai gida, ya karɓi kuɗi, ya ɗauko leburori. Sau da yawa shi kansa bai taɓa riƙe cokalin gini ba. Gwamnati da En'e sun kan yi rajistar 'yan kwangilar da za su ba aikinsu, Ma'aikatar Ƙwadago kuma ta na yi wa birkiloli da kafintoci jarrabawar sana'a ta ba su takarda. Amma talakan da zai gyara zaurensa ba wanda ya tsaya masa.

A wannan shekara ta 1929 ɗin ne Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka ta kafa dokar da ta wajabta wa 'yan kwangilar gini yankar lasin. Yadda dokarsu ta ke, hukuma na iya cin wanda ba shi da lasin tara ba tare da an kai shi kurkuku ba. Abin da ya fi wannan zafi shi ne, ba shi da ikon ya yi ƙarar mai gida a kan ladansa, ko da aikin ya yi kyau. Daga baya aka ƙara da cewa mai gida na iya neman a mayar masa da duk abin da ya riga ya biya. Ashe su ma sun gane tarar da ta shiga baitulmali ba ta tā da bango, sai an sa wani abu a hannun wanda aka cuta.

A Nijeriya dokokin lasin sun zo ne ta kan masu ilmin zamani. A 1969 aka kafa majalisar rajistar masu zanen gine-gine, a 1970 aka kafa ta injiniyoyi, a 1989 kuma Doka ta 45 ta kafa majalisar rajistar magina, ta mai da shi laifi mutum ya kira kansa magini mai rajista alhali sunansa ba ya cikin littafi. A 1992 Doka ta 88 ta tsara birane ta ce kada a yi gini, ko a yi wa tsohon gini babban canji, sai da iznin hukuma. Ta ba hukuma ikon ta tsai da aiki, ta ci tara, har ta rushe abin da aka gina. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane aikin jihohi ne, a 2006 kuma aka fito da kundin ƙa'idodin gini na ƙasa duka.

Ana cikin haka ƙasar kanta ta yi ta sake fasali. An rushe tsarin En'e a 1976 aka kawo ƙananan hukumomi. An buɗe babbar makarantar koyon fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda a 1983, masu gidaje suka shiga ƙara ɗakuna don haya. An yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato ran 1 ga Oktoba, 1996. A shekarun da suka biyo bayan 2011 kuwa, fitinar 'yan bindiga ta kori mutanen ƙauyuka da yawa zuwa cikin garuruwa, Zurmi da Shinkafi na cikin wuraren da abin ya fi shafa. Gidan da aka gina don mutum goma ya koma ɗaukar ninkinsu, a kan ƙara ɗaki cikin gaggawa, da kuɗi kaɗan, a hannun duk wanda aka samu.

To, a nan ne giɓin ya ke. Dokar rajista ta shafi mai takardar makaranta. Dokar tsara birane kuwa fili da gini ta ke dubawa, tararta kuma a kan mai gida ta fi faɗawa, tun da ya ke shi ne mai neman izni. Birkilan da ke fasa bango ya sa taga, ko ya ɗora bulo a kan katangar da ba a yi ta don nauyi ba, ya faɗa tsakani: Sarkin Magina ya sake shi, littafin rajista bai kama shi ba. Kurakuran gyara kuwa ba sa nuna kansu nan da nan. Simintin da aka shafa a kan bangon ƙasa ya kan tsage, ruwa ya shiga ta baya ya kasa fita, bangon ya yi ta ruɓewa a ɓoye. Bulon da aka rage wa siminti don araha ya kan yi shekara biyu ko uku kafin ya fara marmashewa. Kafin nan mai aikin ya daɗe da barin gari.

Saboda haka mai gida a Ƙaura ko Zurmi ko Shinkafi, in an ɓata masa aiki, hanyar da ta rage masa ita ce tsohuwar nan: ya kai kuka wurin manyan sana'a ko mai unguwa, in ba a daidaita ba ya tafi wurin alƙali. Alƙali kuwa zai tambaye shi abin da alƙalan da ke tambaya: me kuka yi jinga a kai, nawa ka biya, su wa suka shaida? Wanda ya tambayi asalin magini tun bai ba shi aiki ba, ya je ya ga ginin da ya yi a baya, ya sa aka rubuta jinga gaban shaidu biyu, ya kuma riƙe wani abu daga ladan sai damina ta gwada aikin, ya yi wa kansa abin da Sarkin Magina ke yi wa kakanninsa. Wanda ya bi araha ya ba wanda bai sani ba kuwa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.