Ƙera Sabon Salansa ga Tsohuwar Motar Jaguar E-Type: Nazarin Tsawon Bututu, Zaɓin Ƙarfe da Matsalar Zafi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ake ƙera sabuwar hanyar fitar hayaƙi ga motar Jaguar E-Type mai injin silinda shida, inda ta dubi lissafin tsawo da faɗin bututu, da zaɓin ƙarfe, da aikin walda, da kuma ƙuncin wurin da za a girke aikin. Nazarin ya dogara ne a kan ma'aunan injin da kamfanin ya bayyana da kuma sanannun ƙa'idojin tafiyar iska a cikin bututu. An lura cewa lissafi na nuna hanya ne kawai, domin a motar da ake hawa a kan titi, yanayin tuƙinta da zafin da jikinta zai iya jurewa su ne ke yanke hukuncin ƙarshe.

1.0 Gabatarwa

A watan Maris na shekarar 1961 ne kamfanin Jaguar, wanda a lokacin masana'antarsa ke Browns Lane cikin birnin Coventry na Ingila, ya fito da motar E-Type a bikin baje kolin motoci na Geneva. Malcolm Sayer, wanda ya faro aikinsa a harkar ƙera jiragen sama, shi ne ya tsara siffar jikinta, injinta kuwa shi ne XK mai silinda shida a jere, wanda kamfanin ya fara sanyawa a motar XK120 tun 1948. Girman injin ya fara da cc 3,781, aka ƙara shi zuwa cc 4,235 a 1964, sannan a 1971 aka koma ga wani inji mai silinda 12 wanda wannan nazari bai shafe shi ba.

A bakin makanikai, kalmar salansa ta ƙunshi duk hanyar da hayaƙi ke bi tun daga jikin inji har zuwa bayan mota, ko da yake asalinta sunan tukunyar da ke rage ƙara ne. A wannan faffaɗar ma'ana aka yi amfani da ita a nan. Manifol kuwa shi ne ɓangaren da ke manne da kan inji yana tattara hayaƙin silindodi. Motar ta zo daga masana'anta da manifol biyu na zubin ƙarfe, kowanne na ɗauke da silinda uku, an yi musu baƙin shafen tangaran mai sheƙi irin wanda ake yi wa langa da fanteka, kuma wannan shafe yakan tsage ya ɓamɓare bayan shekaru na zafi da sanyi. Sauran bututun kuwa daga ciki tsatsa ke cin su, domin ƙona lita ɗaya ta fetur yana fitar da kusan lita ɗaya ta ruwa a matsayin tururi, kuma motar da ake tayarwa jefi-jefi ba ta yin tafiyar da za ta busar da wannan ruwa, sai ya kwanta a cikin tukunya yana cin ta sannu a hankali.

2.0 Tafiyar Hayaƙi da Lissafin Bututu

Inji irin wannan yana kammala zagayen aikinsa a juyi biyu na karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, wanda ya yi daidai da digiri 720, saboda haka silinda ɗaya ce ke tashi a kowane digiri 120. Jerin tashin shi ne 1-5-3-6-2-4, kuma ya kamata mai aiki ya sani cewa Jaguar daga baya take fara ƙirga silindodinta, ta ɗaya ita ce mafi kusa da direba. Idan aka duba jerin da kyau za a ga cewa tashin yana tsallakawa ne tsakanin rukunin 1, 2, 3 da rukunin 4, 5, 6, ta yadda kowane rukuni ke samun bugu ɗaya a duk digiri 240. Bawul ɗin fitar hayaƙi yana buɗewa digiri 57 kafin fistin ya kai ƙasa, yana rufewa digiri 15 bayan ya dawo sama, jimilla digiri 252 ke nan. Ma'anar wannan ita ce silindodin da ke rukuni ɗaya digiri 12 kacal suke haɗuwa a buɗe, don haka da wuya hayaƙin ɗaya ya tokare na ɗaya. Rabon uku-uku da masana'anta ta yi daidai ne, kuma duk sabon aikin da ya rushe shi ya fara da kuskure.

Abin da bututu masu tsawo ɗaya ke ƙarawa a kan wannan shi ne amfani da igiyar matsi. Da zarar bawul ya buɗe, wani bugun matsi na fita da gudun sauti, wanda a cikin iska mai zafi ya haura mita 500 a daƙiƙa, alhali a iskar waje bai wuce kimanin mita 340 ba. Idan bugun ya isa mahaɗa, inda bututu ya faɗaɗa, wani sashensa yakan juyo a matsayin zuƙa. In wannan zuƙa ta iso silinda a ɗan lokacin nan na digiri 30 da bawul ɗin shiga da na fita suke buɗe tare, sai ta janye ragowar hayaƙi, ta kuma taimaka wajen jawo sabon gaurayen iska da fetur daga kafireta. Farfesa Gordon Blair na Jami'ar Queen's da ke Belfast na cikin waɗanda suka zurfafa bincike a kan irin wannan tafiya ta iska a injuna.

Akwai wata ƙa'ida da masu gyaran injunan tsere suka daɗe suna aiki da ita: a tara 180 da digirin da bawul ɗin fita ke buɗewa kafin fistin ya kai ƙasa, a ninka da 850, a raba da yawan juyin da ake so inji ya fi ƙarfi a kansa, sannan a cire 3, abin da ya rage shi ne tsawon bututu da inci. Kamfanin ya bayyana cewa injin cc 3,781 na ba da ƙarfin doki 265 a juyi 5,500 cikin minti, kuma a wannan mizani ƙa'idar na ba da kusan inci 34, wato santimita 85. Amma a juyi 4,000, inda ƙarfin jan injin ya fi yawa, tsawon ya kai santimita 120. A nan ne gizo ke saƙar, domin mai hawa motar a titi ba kasafai yake kai juyi 5,500 ba, bututu shida masu tsawon santimita 120 kuwa babu inda za a cusa su a ƙarƙashin bonet. Mafita mafi dacewa ita ce a tsaya kusa da santimita 85, a haɗe su uku-uku, sannan a bar bututu biyun da suka biyo baya su yi doguwar tafiya a rabe, domin tsawonsu na tallafa wa inji a ƙaramin juyi.

Batun faɗi shi ne wanda aka fi yin ɓarna a kansa, saboda zaton da ya yaɗu cewa babban bututu shi ne ƙarfi. Kowace silinda a nan cc 630 ce, ko 706 a babban injin, kuma bututu mai faɗin milimita 41 zuwa 44 ya ishe ta. Wanda ya tashi daga milimita 41 zuwa 51 ya ƙara filin cikin bututun da kusan kashi 55 cikin ɗari, gudun hayaƙi kuma ya faɗi da kimanin kashi ɗaya cikin uku, sai zuƙar ta raunana, motar ta yi nauyin tashi a cikin gari, duk da cewa ƙararta ta ƙaru.

3.0 Ƙarfe da Walda

Baƙin ƙarfe na da araha da sauƙin aiki, amma ba ya daɗewa. A cikin ƙarafan da ba sa tsatsa, mai lamba 304, wanda ke ɗauke da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8 cikin ɗari, shi ne aka fi samu, sai dai yana da halaye biyu da dole a yi la'akari da su. Na farko, yana miƙewa da zafi fiye da baƙin ƙarfe: mita ɗaya da zafinta ya ƙaru da digiri 500 na ma'aunin Salsiyas na ƙara kusan milimita 8.5, alhali ta baƙin ƙarfe ba ta wuce milimita 6. Salansan da aka ɗaure tamau ba tare da marataya ta roba ko mahaɗa mai ɗan motsi ba, zai tsage ne a bakin walda. Na biyu, idan ya daɗe a zafin da ke tsakanin digiri 425 da 860, kuromiyam ɗinsa na haɗewa da kabon, kariyar da ke hana tsatsa ta ragu. Shi ya sa mai lamba 321, wanda aka ƙara masa titaniyam don magance wannan, ya fi dacewa da bututun da ke daf da inji.

Lanƙwasa ma ba a yin ta da ka. Injin lanƙwasa na yau da kullum yana matse bututu a kwana ya rage masa ciki, saboda haka ake amfani da wanda ke zura sandar ƙarfe a cikin bututun tana tallafe shi yayin da yake tanƙwaruwa. Mai aiki yakan yanka waɗannan kwanoni gunduwa-gunduwa, ya gwada su a jikin motar, ya ja layi da alƙalami a kan kowace gaɓa, ya ɗiga walda a wuri uku ko huɗu, ba zai rufe gaɓar ba sai ya auna tsawon kowane bututu ta tsakiyarsa ya tabbatar sun zo ɗaya. Waldar da ta dace da bango mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.6 ita ce ta TIG, wadda ake yi da tsinken tongistin a ƙarƙashin iskar agon. Wajibi ne a toshe bakunan bututun a cika cikinsa da agon ɗin, in ba haka ba bayan waldar zai ƙone ya yi baƙin ɓurɓushi kamar ƙanzo, wanda ke tare hayaƙi kuma daga nan tsaga ke farawa. Waldar da ta yi kyau kalar azurfa ko ta kara take fitowa. Wadda ta yi toka-toka ta sha zafi fiye da kima. Farantin da ke manne wa kan inji kuwa ana ɗaure shi a kan ƙarfe mai kauri lokacin walda don kada ya karkace, sannan a goge fuskarsa ta daidaita.

4.0 Ƙuncin Wuri da Zafi

Injin E-Type yana zaune ne a cikin firam na siraran bututun ƙarfen Reynolds 531 waɗanda aka haɗa da narkakken ƙarfe mai tagulla a maimakon walda ta yau da kullum, kuma hayaƙi ta gefen hagu yake fita. A motocin da aka kai Amurka, masu sitiyari a hagu, sandar sitiyarin ma ta wannan gefe take bi, don haka aikin da ya zauna a motar Ingila ba lalle ne ya shiga ta Amurka ba. Siririn bututu na watsa zafi fiye da zubin ƙarfe mai kauri, zafin hayaƙi a bakin inji kuwa yakan haura digiri 700, saboda haka man birki da wayoyi da altaneta duk suna bukatar garkuwa. Ta ƙasa kuma tsakanin motar da titi bai wuce kimanin santimita 14 ba, a nan ne tukwane biyun za su kwanta gefe da gefe, bututun su bi ta ƙarƙashin ƙafafun baya su fito a tsakiya. Kowace gaɓa da ke ƙarƙashin wurin zama sai an gwada ta, domin iskar kabon monoksaid ba ta da launi ko wari, kuma tana kisa.

Sabon salansa ya halatta a wannan mota matuƙar ya zauna a kan maratayan asali, ba a huda jikinta ba, ba a kuma kusanci firam ɗinta da wutar walda ba. Tsofaffin manifol biyun kuwa, ko da shafensu ya ɓamɓare, a wanke su a adana, domin suna cikin asalin kayan motar.