Gawar sarki tsakanin hayaƙi da gidan tarihi: misalin Katsina

A Kurni, kusa da Matamai, wanda ya rasu da hantsi akan yi masa wanka da likkafani da salla, a kai shi makwancinsa kafin la'asar. Wannan aiki sunansa "sutura", daga tushen Larabci s-t-r, watau rufewa. Abin da Faransanci ke kira "embaumement" kuwa, tsare gawa daga ruɓa, Hausa ba ta keɓe masa kalma ba. Muna da "ƙyafe" da "banda", amma na nama da kifi ne.

Duk da haka, cikin littafinsa The Dying God (1911), James Frazer ya kawo bayanin H. R. Palmer game da Gobir da Katsina da Daura kafin jihadi. In ji shi, in sarki ya raunana, mai sarautar Karyagiwa ke shaƙe shi, a cire kayan ciki, a ƙyafe gawar kwana 7, a naɗe ta cikin fatar baƙin sa, a binne. Ya kamata mu yi hattara da wannan ruwaya: an tattara ta shekara ɗari bayan jihadin 1804, kuma Frazer hujja yake nema ga ra'ayinsa na kisan sarakuna. Amma ko da labari ne kawai, a binnewa ya ƙare. Kwana bakwai ɗin jinkiri ne har a naɗa magaji.

Canji ya zo daga wata hanya. A 1907 Palmer ya haƙa kushewun Durɓi ta Kusheyi, tsakanin Katsina da Daura. A 1992 aka sake tone tudu uku, aka ɗauko mamatan cikin dunƙulen ƙasarsu zuwa gidan tarihi na Katsina, sannan a 2007 aka kai su Mainz, a Jamus, domin bincike. An sami zinariya da wuri da tasar tagulla ta ƙasashen Musulunci na gabas, na wajen ƙarni na 13 zuwa na 16.

Ilimi ya ƙaru, ba shakka. Sai dai a ganinmu tambayar harshe ta rage: da wane suna za mu rubuta su cikin rajista? In mun ce "kayan tarihi", mun halatta ajiya da nuni. In mun ce "gawa", Bahaushe zai tambaye mu ranar sutura. Ɗalibanmu masu fassara takardun gidajen tarihi su san cewa wannan zaɓi hukunci ne a kan mamaci.